KEKE: DOKIN ƘARFE MAI TAIMAKON MANOMI

A garin Durun da ke ƙaramar hukumar Kabo, da sauran garuruwan ƙasar Kabo da Gwarzo, da wuya a shiga unguwa a rasa keke jingine a zaure. Manomi yana hawansa zuwa gona. Ɗan makaranta yana hawansa zuwa aji. Ɗan tireda yana ɗora masa kaya ya ci kasuwannin ƙauye. Hausawa suna kiransa keke, wasu su ce basukur, wasu kuma su yi masa kirari da dokin ƙarfe.

An yi zamanin da babur ya sa aka raina keke. Mutane da yawa suka jingine nasu a bayan rumbu, tsatsa ta cinye. Amma a ranar 29 ga watan Mayu na 2023 gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen 2024 ta kai naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota da na acaɓa suka tashi. Wannan ya sa jama'a suka koma suna kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Saboda haka ya kamata mai karatu ya san tarihin keke, da yadda yake aiki, da yadda ake saye, da yadda ake kula da shi don ya daɗe.

ASALIN KEKE

Keke ya fi shekara 200 da fitowa. A shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl Drais ya ƙera na farko. Da katako ya yi shi. Ba shi da feda, ba shi da kaca. Mutum zai zauna a kai ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa, kamar mai gudu a zaune.

A shekarun 1860 maƙera a birnin Paris na ƙasar Faransa suka sa masa feda a ƙafar gaba. Daga baya aka yi wani iri mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar ƙaramar ƙafar baya. Wannan yana da gudu, amma yana da haɗari. Idan ya ci karo da dutse sai ya jefar da mai shi ta ka.

Keken da aka sani yau ya fito ne a 1885. Wani Bature mai suna John Kemp Starley ya ƙera shi a garin Coventry na Ingila. Ya yi ƙafafun biyu kusan daidai da juna. Ya sa kaca tana juya ƙafar baya. Shekara uku bayan haka, a 1888, wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska. Kafin nan tayar roba ce tsagwaronta, mai jijjiga ƙashi. Da aka haɗa kaca da tayar iska, sai keke ya zama abin hawan kowa.

YADDA KEKE YA YAƊU A ƘASAR KANO

Turawan mulki da 'yan kasuwarsu ne suka kawo keke Nijeriya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe. Jirgin da ke kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, shi ne yake dawowa da kayan kanti, har da kekuna.

Da farko ma'aikatan En'e, da malaman makaranta, da malaman gona, da dillalan gyaɗa su ne masu keke. Sannu a hankali manoma suka shiga saye. Idan kaka ta yi kyau, aka sayar da gyaɗa ko auduga, magidanci yakan cire kuɗin keke. A wancan lokaci saurayi mai sabon keke da agogo da rediyo ya kai a kalle shi a dandali.

Kekunan da aka fi sani a lokacin daga Ingila suke zuwa. Akwai Raleigh, wanda jama'a ke kira Rali. A garin Nottingham ake ƙera shi tun shekarun 1880. Akwai Hercules da Phillips na garin Birmingham. Akwai Rudge da Humber da Robin Hood. Nijeriya ta zama babbar kasuwar Raleigh, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano a shekarun 1970.

A zamanin En'e kowane keke sai an yanka masa lasin, a ɗaura masa lamba. Tsarin mulkin 1999 ma ya sa ba da lasin keke cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Kayan Ingila suka fi ƙarfin talaka. Kekunan Sin da na Indiya suka cika kasuwa, irin su Phoenix na birnin Shanghai da Hero na Indiya. Daga baya aka shiga kawo kekunan gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Kamfanin Raleigh kansa ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002. Wannan ne ya sa tsohon Rali na asali ya zama abin nema.

MASU SHA'AWAR KEKE

Kamar yadda ake samun mai sha'awar doki ko tattabara, haka ake samun mai sha'awar keke. Irin wannan mutum ana gane shi daga nesa. Kekensa yana sheƙi. Ƙararrawarsa tana da zaƙi. Tsumman goge ƙura yana maƙale ƙarƙashin sirdi. Idan ya sauka ba ya yada keken a ƙasa, sai ya nemi inuwa ya kafe shi.

Wani ba ya tsayawa a keke ɗaya. Yakan tara uku ko huɗu, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne keken aiki. Shi ake ɗora wa taki da buhun dawa da jarkar ruwa. Yana da kariya mai ƙarfi, wadda sau da yawa maƙeri ne ya ƙara mata ƙarfe.

Na biyu shi ne keken ado. Ba a hawansa sai ranar Juma'a, ko Sallah, ko ɗaurin aure. Shi ake sa wa madubi da fitila da tuntu, a lulluɓe sirdinsa da kyalle. Wani ma gadonsa aka yi daga mahaifi.

Na uku shi ne keken yara, na zuwa makaranta da aike.

Na huɗu shi ne mataccen keke. Ba ya tafiya, amma ba a zubar da shi. Daga jikinsa ake ciro feda ko birki ko kusa idan na wani ya lalace.

Wasu suna ganin tara kekuna ɓarnar kuɗi ne. Amma idan an duba, akwai hikima a ciki. Keken da aka kula da shi kadara ne. Idan buƙata ta taso ana sayar da shi a ranar kasuwa, kamar yadda ake sayar da akuya. Kuma gidan da ke da keke biyu ba ya tsayawa idan ɗaya yana wurin gyara. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya tara kekuna biyar suna ruɓewa, alhali ɗansa ko ɗan ƙaninsa yana taka sayyada kilomita biyar zuwa makaranta.

YADDA AKE GANE TSOHON KEKE NA ASALI

Da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin kekunan Ingila an yi su da ƙarfe mai kyau, shi ya sa wasu suka wuce shekara 50 suna aiki. Amma akwai jabu a kasuwa. Wani yakan ɗauki keke maras ƙwari ya yi masa fenti, ya liƙa masa tambarin Rali. Ga alamomin da masana keke suke dubawa.

1. Tambarin gaba. Na Raleigh yana ɗauke da hoton kan zalɓe. A tsofaffin, tambarin na ƙarfe ne da aka kafe da 'yan kusoshi. Wanda aka liƙa da gam abin tuhuma ne.

2. Babban faranti mai haƙora, wanda feda ke juyawa. A tsofaffin Rali da yawa an huda siffar kan zalɓe a jikinsa.

3. Lambar jiki. Kowane keken kamfani yana da lamba da aka buga a ƙarfensa, ko dai kusa da gindin sirdi, ko a ƙarƙashin inda feda take. Idan an goge lambar da gangan, a guji keken.

4. Cibiyar ƙafar baya. Idan keken mai giya uku ne na Sturmey-Archer, akan buga wata da shekarar da aka ƙera cibiyar a jikinta. Wannan yana nuna shekarun keken.

5. Sirdi. Masu tsada suna zuwa da sirdin fata na Brooks. Fata ta gaskiya tana laushi da daɗewa. Roba kuwa tsagewa take yi.

YADDA KEKE YAKE AIKI

Me ya sa mai keke yake wuce mai tafiya a ƙasa, alhali ƙarfin ƙafa ɗaya suke amfani da shi? Amsar tana wurin kaca da farantai biyu.

Babban faranti yana gaba, a jikin feda. Ƙarami yana baya, a jikin ƙafa. Kaca ce take haɗa su. A ce na gaba yana da haƙora 44, na baya yana da 22. Idan aka raba 44 da 22 za a sami 2. Ma'ana, duk juyi ɗaya na feda, ƙafar baya tana juyawa sau biyu.

Ƙafar babban keke, mai inci 28, tana cin ƙasa kamar mita 2 da ɗan ɗori a juyi ɗaya. Ke nan juyi ɗaya na feda yana kai mutum kusan mita 4 da rabi. Mai tafiya a ƙasa sai ya yi taku biyar ko shida kafin ya ci wannan nisa.

Idan ƙaramin faranti yana da haƙora 18, juyi ɗaya na feda zai kai mutum fiye da mita 5. Keken zai fi gudu, amma feda za ta yi nauyi. Wannan ilmi yana da amfani ga manomi. Wanda ke ɗaukar kaya, ko yake bin hanya mai yashi da tudu, ya ce wa mai gyara ya sa masa mai haƙora 20 ko 22. Wanda ke bin kwalta ba tare da kaya ba, mai 18 ya ishe shi.

Abu na biyu da ke sa keke sauƙi shi ne boris. Waɗannan 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne da ke cikin cibiyar ƙafa, da gindin feda, da wuyan keke. Su ne suke sa ƙarfe ya juya a kan ƙarfe ba tare da gurzuwa ba. Idan giris ya ƙare musu, ko yashi ya shiga, sai keke ya yi nauyi ya fara kuka.

RIBAR HAWAN YAU DA KULLUM

Riba ta farko ita ce lokaci. Mutum mai lafiya yana tafiyar kilomita 5 a awa ɗaya. Mai keke yana yin kilomita 12 zuwa 15 ba tare da ya wahala ba. Gonar da ke nisan kilomita 10 tana cin awa biyu a ƙasa. A keke ba ta kai awa ɗaya ba. Zuwa da dawowa, manomi ya tsira da fiye da awa biyu a kowace rana. A lokacin shuka da noman farko, awa biyu ba wasa ba ne.

Riba ta biyu ita ce kaya. Buhun takin zamani yana da nauyin kilo 50. Ɗaukarsa a ka zuwa gona mai nisa yana karya wuya da baya. Babban keke yana ɗaukarsa a kariya. Idan kaya sun yi yawa, mutum yana iya sauka ya tura. Masu noman rani suna kai tumatir da albasa bakin titi da keke, a hanyoyin da mota ba ta shiga.

Riba ta uku ita ce kuɗi. Ga misali. A ce zuwa kasuwa a acaɓa naira 500 ne, dawowa naira 500. Ke nan naira 1,000 a kowace ranar kasuwa. Sau huɗu a wata ya zama naira 4,000. A shekara ya zama naira 48,000. Mai karatu ya sa kuɗin da ake biya a garinsu ya yi nasa lissafin. Keke ba ya shan mai. Ba ya cin dusa ko harawa. Abin da yake nema shi ne iska, da ɗan mai a kaca, da faci jefi-jefi.

Riba ta huɗu ita ce lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar motsa jiki na minti 150 a mako, ko fiye. Wanda ke hawa keke rabin awa a rana, kwana biyar a mako, ya cika wannan. Motsa jiki yana taimakawa wajen kare hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Amma wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri idan yana tuƙi, ya sauka, ya je asibiti a duba shi.

KAFIN A SAYI KEKE

Sayen na gari mayar da kuɗi gida. Wanda zai sayi keke, musamman na hannu, ya tafi da wanda ya san keke. Ga abin da za a duba.

1. Jikin keken. A duba kusa da wuya da kuma gindin feda. Idan akwai tsaga, ko fenti ya tattare, alama ce keken ya taɓa karo.

2. Ƙafafu. A ɗaga keken a juya kowace ƙafa. Idan tana rawa hagu da dama, ta karkace. A taɓa wayoyin ƙafar a ji ko wasu sun saki ko sun karye.

3. Wuya. A riƙe birkin gaba a tura keken gaba da baya. Idan an ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya ci.

4. Kaca da farantai. Haƙoran da suka yi tsini kamar ƙaya sun ƙare.

5. Tsawo. Mai saye ya hau. Idan feda tana ƙasa, gwiwarsa ta kusa miƙewa. Sirdin da ya yi ƙasa sosai yana kawo ciwon gwiwa.

6. Kayan gyara. Keken gwanjo mai giya da yawa yana da kyau a ido, kuma ba shi da nauyi. Amma kayansa suna wuyar samu a ƙauye. Wasu an yi jikinsu da gorar ruwa, wadda mai walda na gari ba ya iya liƙewa idan ta karye. Babban keken ƙarfe kuwa kowane mai gyara ya san shi.

7. Shaida. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin keken, da sunan mai sayarwa, da kwanan wata. A yi ciniki gaban shaidu. Keken da aka kawo da dare, da araha mai yawa, ba rasit, yana iya kai mutum gaban alƙali. Bayan an saya, a rubuta lambar a takarda a adana. Da ita ake gane keke idan an sace.

KULA DA KEKE

Rigakafi ya fi magani. Aikin kula da keke kashi uku ne.

Na kullum. Kafin a hau, a matsa taya da yatsa a ji iska. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana saurin yin faci, tana kuma sa feda nauyi. A gwada birki biyu. Da yamma a goge ƙura, a shigar da keke ɗaki ko zaure. Rana tana busar da taya ta tsattsage. Ruwan sama da raɓa suna kawo tsatsa.

Na mako-mako. A goge kaca da tsumma mai ɗan kananzir. Idan ta bushe a ɗiga mata man inji kaɗan, a juya feda, sannan a share wanda ya yi yawa. Mai da yawa yana tara yashi, yashi kuma yana cin kaca. Kada a sa man gyaɗa ko manja, domin suna daskarewa su yi danƙo. Kada mai ya taɓa taya ko robar birki. A bi kusoshi da sifana a ɗaure waɗanda suka saki.

Na shekara-shekara. Kafin damina ta faɗi, a kai keke wurin mai gyara. Ya kwance cibiyoyi da wuya da gindin feda, ya wanke, ya sa sabon giris, ya canza boris da ya ci. Ya daidaita ƙafa, ya canza robar birki.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Fedar hagu ba a ɗaure ta kamar sauran kusoshi. Zarenta a juye yake. Ana ɗaure ta ta hagu, a kwance ta ta dama. Wanda bai san haka ba yakan matsa mata har ya lalata zaren.

YADDA AKE FACI

Babban abokin gabar mai keke a karkara shi ne ƙaya, musamman tsidau da ƙayar aduwa. Duk mai keke ya kamata ya iya faci da kansa. Kayan aikin ba su da yawa: famfo, da sholisho, da guntun tsohon tiyub, da almakashi, da abin kankara, da ƙarfe biyu marasa kaifi na ɓanɓare taya.

Da farko a ɓanɓare gefe ɗaya na taya a zaro tiyub. A hura masa iska, a tsoma shi cikin ruwa. Inda kumfa ke fita nan ne hujin. A tsane wurin, a kankare shi ya yi kaushi. A yanka faci a kankare shi shi ma. A shafa sholisho siriri a ɓangarorin biyu. A jira ya sha iska har ya daina kama yatsa. Gaggawa a nan ita ce take sa faci ya ɗaye. Sannan a haɗa, a danne da ƙarfi.

Kafin a mayar da tiyub, a shafa cikin taya da yatsa a hankali a nemo ƙayar. Idan aka bar ta, za ta sake huda wurin kafin a kai gida.

KIYAYE HAƊARI

Hanyar Kano zuwa Gwarzo, wadda ta bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo, tana ɗauke da motocin haya da manyan motoci masu gudu. Mai keke ba shi da bango ko rufi. Idan aka yi karo, jikinsa ne yake biya. Don haka ya kiyaye waɗannan.

1. Ya bi hannun dama. Tun ranar 2 ga watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta dama. Bin hannun da motoci ke tahowa ganganci ne.

2. Kafin ya karya kwana, ya waiga, ya miƙa hannu ya nuna inda zai bi.

3. Idan ya fito daga hanyar ƙauye zai hau kwalta, ya tsaya cak ya duba ɓangarorin biyu.

4. Da dare, ko da asuba, ko lokacin hazo, ya sa fitila a gaba da jan abu mai ƙyalli a baya. Farin kaya sun fi baƙi sauƙin gani.

5. Mai babbar riga ya naɗe ta sosai. Riga ko zani da ya shiga ƙafar keke yana kayar da mutum nan take.

6. Idan an goyi yaro, a tabbata ƙafarsa ba za ta shiga cikin wayoyin ƙafa ba. Yara da yawa sun ji mummunan rauni a diddige ta wannan hanya.

7. Kada a riƙe bayan mota ko tirela don ta ja mutum.

8. A lokacin ruwa birki ba ya kamawa da wuri, domin ƙarfen ƙafa ya jiƙe. A rage gudu, a fara kama birki tun daga nesa. A gangara kada a danne birkin gaba shi kaɗai.

9. A ɗaure kaya su daidaita, kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Dogon kaya irin su kara ko azara a ɗaure su a tsaye da tsawon keke, don kada su tare hanya.

10. Ƙaramin yaro mai zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar babban keke ya yi wasansa a fili. Kada a aike shi bakin titi.

KEKE A WASU ƘASASHE

Wasu suna ɗaukar keke alamar talauci. Ba haka abin yake a ko'ina ba. A ƙasar Holan yawan kekuna ya fi yawan mutane, kuma manyan ma'aikata suna zuwa ofis a kai. A birnin Wagadugu na Burkina Faso maza da mata suna hawa keke zuwa kasuwa. Ƙasar tana shirya babbar gasar tseren keke tun 1987. A nan Nijeriya, a 2001, ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma hawa keke, har shi da kansa ya hau zuwa wurin aiki a Abuja. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga watan Yuni na kowace shekara ta zama Ranar Keke ta Duniya.

ABIN DA YA RAGE GA MAI KARATU

Wanda ke da tsohon keke a bayan ɗaki ya fito da shi kafin damina. Ya nuna wa mai gyara ya faɗi abin da zai ci. Sau da yawa taya biyu da tiyub da kaca da robar birki sun isa su tashe shi. Kada ya yi saurin sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, domin kuɗin da za su ba shi ba zai sayi ko ƙafa ɗaya ta sabon keke ba.

Wanda ba shi da keke, kuma kuɗinsa bai kai ba, yana iya shiga adashi da abokan noma, ko ya ware wani abu daga amfanin gona idan kaka ta yi. Matasa kuma su lura cewa gyaran keke sana'a ce mai ɗan jari. Da sifana, da filaya, da famfo, da inuwar bishiya a bakin kasuwa ake farawa.

Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya.